Ya ce bai yarda da ranar masoya ba, amma agogon da na ba shi yana hannunsa

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Shekara ɗaya da wata bakwai muna tare da wani. A bikin ƙawata muka haɗu, ita kanta ƙawar yanzu ko gaisawa ba ma yi saboda wata rigima daban, amma mu bar wannan. Bara ranar 14 ga Fabrairu na saya masa agogo da turare, kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa. Ya karɓa, ya yi godiya, sannan ya ce shi fa bai yarda da ranar masoya ba. Ban ce uffan ba. To jiya da dare sai ga saƙonsa: "Bana me zan samu?" har da alamar dariya. Saura kwana shida. In saya ko in yi shiru? Wallahi barci ya gagare ni.

Anti Mai Gaskiya: Ƙanwata, wanda bai yarda da rana ba, me ya kai shi ɗaura agogon ranar? Ko allura kada ki saya masa. Na san irinsu sarai, sai karɓa, ba a ganin bayan hannunsu.

Ɗan Baiwa: Ku mata kullum a ba ku. Ni shekara uku ina yi wa wata hidima, ko hankici ban taɓa gani ba, ƙarshe wani ta aura. A Japan ma mata ne ke fara ba da kyauta ranar, maza su rama 14 ga Maris.

Anti Mai Gaskiya: To shi wannan ya rama a Maris ɗin? Malam, ka kai kukanka gaba.

Maman Biyu: Ni dai ina ganin ku bar ranar gaba ɗaya, asalinta tunawa da wani waliyyin Kirista ne mai suna Valentine. Kyauta ai ba ta da rana. Ya taɓa ba ki wani abu kuwa?

Ɓoyayyiya: Anti, ba marowaci ba ne fa. Da wayata ta faɗi shi ya biya gyaran, kuma tun watan Oktoba ba ya aiki.

Anti Mai Gaskiya: Au, ba ya aiki? Me ya hana ki faɗa tun farko? Amma maganata tana nan. Mara aiki ba ya tambayar "me zan samu".

Ɗan Baiwa: Wasa yake yi mata, ku daina zuga yarinya.

Maman Biyu: Ki tambaye shi kai tsaye mana, bana za a yi ko ba za a yi ba.

Ɓoyayyiya: Ba zan iya ba, zai ɗauka roƙo nake. Kuma gaskiya na riga na ba da rabin kuɗin wani takalmi, lambar ƙafarsa ce dai ban tabbatar ba. Wa ya san yadda zan gano ba tare da ya gane ba?

Anti Mai Gaskiya: Ikon Allah. To me kika zo tambayar mu?