Ina makomar kakanninmu da suka mutu kafin bishara ta iso?

Daga zauren WhatsApp na wata ikilisiya a Gombe, daren Lahadi

Mama, Zumuntar Mata: Salama gare ku duka. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya. A wurin jana'izar da muka je Billiri, mai wa'azi ya ce duk kakanninmu da suka mutu kafin zuwan Turawan mishan suna cikin wuta yanzu haka, babu ko ɗaya da ya tsira. Da lasifika ya faɗa, a gaban masu makoki. Kakar mahaifiyata ba ta taɓa jin sunan Yesu ba. Ba ƙi ta yi ba, ba a kawo mata ba ne. Baba Fasto, dattawa, don Allah ku gaya mini, haka Littafi ya ce?

Mai Bishara: Mama, sannu da hidima. Maganar da ɗaci, amma mutumin bai yi ƙarya ba. A Yohanna 14:6 Yesu da bakinsa ya ce ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa. Ayyukan Manzanni 4:12 ta ce babu wani suna da aka bayar a ƙarƙashin sama domin ceto. Ibraniyawa 9:27 kuma, mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a. Idan an ce ba su ji ba, Romawa 1:20 ta riga ta amsa: halitta ta nuna ikon Allah a fili, har ba su da hujja.

Ɗalibin Tauhidi: Malam, ba wanda yake musun cewa ceto ta wurin Almasihu ne kaɗai. Tambayar Mama daban ce: sai mutum ya ji sunan da kunnensa kafin jinin Yesu ya yi masa aiki? Ibrahim bai san sunan Yesu Banazare ba. Ayuba mutumin ƙasar Uz ne, ba Ba'isra'ile ba. Malkisadak firist ne na Allah Maɗaukaki a tsakiyar Kan'ana, har Ibrahim ya ba shi ushiri. Su ɗin, wa ya yi musu wa'azin gicciye? Ka kuma ci gaba zuwa Romawa 2:14-16, inda Bulus ya ce al'ummai marasa Shari'a suna da ita a rubuce cikin zukatansu, lamirinsu yana ba da shaida, tunaninsu yana zarginsu ko yana kare su a ranar shari'a. Ai akwai kārewa a cikin ayar, ba zargi kaɗai ba.

Mai Bishara: Ɗana, kada ka tsaya a sura ta 2. Sura ta 3 ta rufe bakin kowa, duka sun yi zunubi. Lamiri yana nuna laifi, ba ya wanke shi. Dubi Karniliyus a Ayyukan Manzanni 10, mai tsoron Allah, mai sadaka, mai addu'a. Da hakan ya isa, me ya sa mala'ika ya ce masa ya aika Yafa a kira Bitrus? Sannan ku tuna yadda bishara ta zo ƙasar nan. A 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Idan kakanninmu suna da hanyar tsira ba tare da ji ba, don me waɗannan yara suka zubar da ransu? Ni ma da nake shiga ƙauyukan bayan Ningi a kan babur, don me nake yi? Da sai in zauna gida.

Baba Dattijo: Ku bar ni in sa baki, tun da na tarar da ragowar abin da kuke magana a kai. Mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission da samarin nan uku suka fara, ta zauna Kaltungo a 1917, amma kada ku ɗauka a shekarar kowa ya ji. Akwai mutanen kan duwatsu da suka tsufa suka mutu bayan wannan, mai wa'azi bai taɓa hawa wurinsu ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce zamanin nan na adalai ne ba. Akwai tsafi, akwai tsoron maita, akwai yaƙi tsakanin gari da gari, an zubar da jini. Mahaifina da ya tuba, da hannunsa ya ƙone kayan tsafinsa, bai kuma taɓa kewarsu ba. Amma shi ɗin ne ya gaya mini cewa uwarsa, idan abu ya fi ƙarfin matsafa, takan ɗaga kai sama ta kira Yamba, wanda ya yi sama da ƙasa. Har ya koma ga Ubangiji bai taɓa cewa uwarsa tana wuta ba, bai kuma ce tana sama ba. Yakan ce tana hannun wanda ya halicce ta. Wannan mai wa'azi na jiya, wa ya buɗe masa littafin rai ya duba?

Katikis: Baba, ranka ya daɗe. Ko da yake surukuta ce ta shigo da ni zauren nan, ku ba ni dama in faɗi koyarwarmu ta Katolika. Babban taron bishop-bishop na Vatican na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya tattauna wannan. Abin da ya tsayar a 1964 shi ne, wanda bai san bisharar Almasihu ba, ba kuma da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya, yana ƙoƙarin bin nufinsa yadda lamiri ya nuna masa da taimakon alheri, yana iya samun ceto. Ba da aikinsa ba, ta wurin Almasihu ne dai, ko bai san sunan ba. Taron bai ce kowa ya tsira ba, bai kuma ce a daina wa'azi ba. Muna kuma yi wa matattu addu'a, musamman ran 2 ga Nuwamba.

Mai Bishara: Malam Katikis, da girmamawa, wannan shawarar taro ce. Ni aya nake nema. Addu'a ga matattu kuwa, ba ma tare a nan sam.

Shugabar Matasa: Ina da tambaya, Baba Fasto. 1 Bitrus 3:19 ta ce Almasihu ya je ya yi wa ruhohin da ke kurkuku shela, 4:6 kuma ta ce an yi wa matattu bishara. Ba zai yiwu su ji a can ba? Sannan jarirai fa? Su ma ba su ji ba, amma ban taɓa jin an ce jaririn da ya mutu yana wuta ba.

Ɗalibin Tauhidi: Yaya, ayoyin Bitrus suna cikin mafi wuya a Sabon Alkawari. Wasu sun ce shelar nasara ce a kan mugayen ruhohi, wasu sun ce Almasihu ne ya yi wa'azi ta bakin Nuhu tun mutanen suna da rai. Ba zan gina begen zarafi na biyu a kansu ba, musamman da Luka 16 ta nuna babban rami tsakanin Li'azaru da mai arziki, ba mai hayewa. Amma maganar jarirai tana da ƙarfi. Dawuda ya ce game da ɗansa da ya mutu, shi zai tafi wurin yaron, 2 Sama'ila 12:23. Idan mun yarda jinin Yesu ya kai ga jaririn da bai ji ba, to mun riga mun yarda ji da kunne ba shi ne iyakar ikon Allah ba.

Baba Fasto: Na karanta duka. Mama, ki share hawayenki ki saurare ni. Abin da ikilisiyarmu take koyarwa, wanda ni ma na tsaya a kai, shi ne mutum ɓatacce ne in ba Almasihu, kuma hanyar da aka ba mu ita ce wa'azi da bangaskiya, Romawa 10:14. Ba ni da izinin yi wa kowa alkawarin wata ƙofa. A nan Mai Bishara ya yi daidai, aikinsa kuma ba banza ba ne, domin umarni ne, Matiyu 28:19, kuma wanda ya ji ya gaskata yana da tabbacin da kakanninmu ba su taɓa samu ba.

Amma mai wa'azin jiya ya wuce gona da iri. Littafi bai ce shari'a ɗaya ce ga wanda ya ji ya ƙi da wanda bai ji ba. A Luka 12:47-48, bawan da ya san nufin ubangijinsa ya ƙi yi zai sha dūka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan. A Matiyu 11:22 Yesu ya ce za a fi rangwanta wa Taya da Sidon a kan garuruwan da suka ga mu'ujizai. Gargaɗin nan ya fi nauyi a kanmu mu da muke da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932, fiye da tsohuwar da ta mutu a kan dutse. Ibrahim ya tambaya a Farawa 18:25 ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba. Zai yi. Kakar mahaifiyarki ba za a zalunce ta ba ko da ƙwayar gero. Ba zan ce miki tana sama ba, domin ba a nuna mini ba. Mai wa'azin ma ba a nuna masa tana wuta ba. Jana'iza wurin gargaɗin masu rai ne, ba wurin yanke wa matattu hukunci ba.

Mai Bishara: Baba, na yarda bai kamata a faɗa haka a gaban masu makoki ba. Amma rangwame a hukunci ba ceto ba ne. Tsorona kada matasanmu su ji wannan su ce to, a ƙyale Maguzawa da mutanen duwatsu, Allah zai ji da su. Baikon mishan ya riga ya ragu.

Mama, Zumuntar Mata: Malam, baikona ba zai ragu ba, kai shaida ne. Zafin da nake ji a kan kakata shi ne yake sa ba na son wata mace ta mutu ba ta ji ba. Na gode Baba Fasto. Amma ina roƙo dattawa su sami mai wa'azin nan su yi masa magana, domin akwai 'yan'uwan mamacin da ba Kirista ba a wurin, kuma na ga sun tashi sun fita tun bai gama ba.