An tura ni aiki Bodinga, kuɗin mota na cinye kusan rabin alawus ɗin

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a, shawara nika nema. Na gama bautar ƙasa ina zaune ba aiki, sai Allah ya sa sunana ya fito a wani shirin gwamnati na matasa, an tura ni koyarwa wata firamare a Bodinga ni kuma ina Mabera cikin garin Sakkwato, in na lissafa kuɗin mota da kabu-kabu kusan rabin alawus ɗin ya tahi. Mi ya kamata in yi, in nemi canjin wuri ko in haƙura?

Maman Ummi: Ƙanena kada ka yarda ka daina zuwa, da rajistar halarta ake biyan kuɗin nan. Lokacin shirin gwamnati na matasa, N-Power na 2016, dubu 30 ake ba mu, ni ma nesa aka kai ni, na rubuta takarda hedimasta ya sa hannu na kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, bayan wata biyu aka maido ni kusa da gida.

Baban Arkilla: Ka dubi sunanka na NIN da BVN su zama iri ɗaya, harafi guda na hana kuɗi shiga asusu wallahi. Kuma aikin nan ba na dindindin ba ne, shirin gwamnati na ɗaukar mutum 774,000 aiki ma wata uku ya yi, kana ciki kana koyon sana'a da marece.

Ɗan Mabera: Na gode Yaya, gobe in sha Allahu zan rubuta takardar. Da hannu ko sai an buga?