Idan suga ya hau ga mai allurar insulin: me ke jawo shi, me ake yi?

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Ƙaura, Katsina: Assalamu alaikum. Da zarar suga ya haura 10 a na'urar gwaji, wato 180 a mai ƙirgen ɗaruruwa, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Daga nan sai yawan fitsari, ƙishirwa, bushewar baki, gani dishi-dishi, mutum na ci yana ramewa. Me kuka lura yana tayar da shi?

Mai kemis, Daura: Wa alaikumus salam, Sista. Kafin a ɗora wa tuwo laifi, a duba insulin ɗin kansa. Zafin Afrilu da Mayu a nan yakan wuce digiri 40, ya kashe ƙarfin maganin. Wanda ba a buɗe ba, firji ne wurinsa, digiri 2 zuwa 8, kuma kada ya daskare. In babu wuta, a ƙulle kwalbar a leda a sa a randa. Wadda aka buɗe kada ta wuce kwana 28. Sannan a dubi lambar sirinji: insulin mai lamba 40 a sirinji mai lamba 100, ƙasa da rabin abin da likita ya rubuta ne ke shiga jiki.

Uwar mai ciwon, Ƙofar Marusa: Gaskiya ne, Malam. Ga kuma yin allura a wuri ɗaya kullum. Fatar takan yi kulu mai tauri, ba zafi a wurin shi ya sa yara ke son sa, amma maganin ba ya ratsawa yadda ya kamata. A riƙa zagayawa, ciki da cinya. Insulin mai fari-fari a murza shi a tafin hannu, ban da girgizawa. A wanke hannu kafin gwaji, yatsan da ya taɓa dabino ƙarya yake yi.

Likita, cikin gari: Hajiya ta faɗi daidai. Abin da ya fi kawo mana mutane a sume shi ne zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, ya kasa cin abinci, 'yan uwa su ce to a dakatar da allura. Kuskure ne babba. Rashin lafiya kanta tana ɗaga suga. In babu insulin, jiki ya koma ƙona kitse, jini ya yi tsami. Ba a daina allura, ana gwaji duk awa 2 zuwa 4, ana shan ruwa zalla. In suga ya wuce 14, wato kusan 250 a mai ƙirgen ɗaruruwa, kuma ga amai, ciwon ciki, numfashi da sauri mai zurfi, baki na warin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ko na'ura ta rubuta HI, wato suga ya wuce abin da take iya ƙirgawa, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Ba a jiran jiƙo.

Mai kemis, Daura: Na ƙara ɗaya, Likita: ƙwayar dexamethasone da ake sha don ƙiba ko ciwon gaɓɓai tana ɗaga suga sosai. A riƙa tambaya, don ba kowa ke faɗa da kansa ba.