Makullin yatsa ya ƙi Hajiyarmu, amma har yanzu yana buɗe wa yaron da ya ɗaura shi

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan makullin nan da ake buɗewa da yatsa. Mu goma sha ɗaya ne a gida, nan Aboabo ta Kumasi, kuma na gaji da zuwa yanko makulli duk sanda yara suka ɓatar. Shi ya sa na shiga Adum makon jiya na sayo guda, mai batir 4, da wurin danna lamba, da kati biyu, da makullan ƙarfe biyu. Wani yaro da mai shagon ya haɗa ni da shi ya zo ya ɗaura a ƙofar ƙarfen falo.

Matsalata biyu ce. Yaron ya fara sa yatsansa, wai gwaji, sannan ya sa nawa da na uwargida da na Hajiya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Yanzu in na so ƙara yatsun yara, sai muryar da ke ciki ta yi ta neman adimin, wato shugaban makullin, da Turanci, in na ɗora nawa ta ƙi. Lambar wayar yaron kuwa ba ta shiga.

Ta biyu ita ta fi damuna. Hajiya ta haura saba'in, sai ta ɗora yatsa sau biyar kafin ya buɗe sau ɗaya. Jiya ta dawo daga suna a Sawaba, ba kowa a gida, ta zauna a dakali har aka kira magariba. Ta ce in cire mata wannan abin in mayar da kwaɗonta. Ina mafita, don Allah?

Mai Gyara Nima:

Wa alaikumus salam yayana. Aikina ke nan a nan Ankara ta Ghana, daga Nima har Madina, kuma wannan ƙorafin ba baƙo ba ne a wurina. Fara da ta farko, don ita ce mai haɗari. A irin waɗannan makullan, yatsan da aka fara sawa shi ne shugaba: shi ke ƙara mutum, shi ke cire mutum. Ke nan a yanzu yaron nan ne mai gidan a idon makullinka, kai ɗan haya ne. Ban ce ɓarawo ba ne, da yawansu gaggawa ce kawai, amma kar ka kwana a haka.

Ba sai ka neme shi ba. Buɗe ƙofar, ka bar ta a buɗe har ka gama komai, wannan kar ka manta. Ta ciki ka zare murfin batir, za ka ga ɗan maɓalli ko ɗan rami da ake tsikara da tsinke. Ka danne shi daƙiƙa biyar zuwa goma har ka ji ya yi magana. Zai share duk yatsu da lambobi da katuna, ya koma yadda ya fito daga kamfani. A wannan halin yawancinsu kowane yatsa suke buɗe wa, kuma lambarsu ta asali takan zama 123456, wadda duk yaron da ke sayar da su ya haddace. Saboda haka nan take ka yi rajistar kanka. A mafi yawan masu araha tauraro ake dannawa sannan alamar #, amma duba takardar da ta zo cikin kwali, kamfanoni sun bambanta. Ka sa yatsanka a matsayin shugaba, ka sa sabuwar lambar sirri da ba shekarar haihuwarka ba ce, ba kuma ƙarshen lambar wayarka ba. Ka ƙara uwargida ta zama shugaba ta biyu, don in ka yi tafiya Tamale ko Boku kar gida ya tsaya.

Kowane yatsa da ka sa, makullin zai ba shi lamba, 002, 003, haka. Rubuta su a littafi da sunan mai yatsan. Ranar da ɗan aiki ya bar gidan, da wannan lambar za ka cire shi, in ba ka rubuta ba sai ka sake share kowa.

Batun Hajiya kuma, laifin ba nata ba ne. Makullin ba hoton yatsa yake ajiyewa ba, wasu ɗigogi ne yake ɗauka inda zanen ya rabu ko ya ƙare, ya mayar da su lissafi. Zanen tsofaffi ya siɗe, fatar kuma ta bushe, sai ya rasa abin kamawa. Ka tuna zaɓen 2012 da aka fara tantance mu da yatsa a ƙasar nan, tsofaffi da masu aikin hannu su suka fi shan wahala a layi. Ga yadda nake yi musu. A lokacin rajista zai nemi a ɗora yatsa sau da yawa, to kar ta riƙa ɗorawa wuri guda: tsakiya, sai ta ɗan karkata dama, sai hagu, sai sama kaɗan. Ta tsaya yadda take tsayuwa in za ta shiga, ta kama hannun ƙofar da kanta, kar ka riƙe mata yatsa kana dannawa. Babban yatsan nan guda, ka yi masa rajista sau uku a lambobi uku daban. Wuri ba zai ƙare ba, yawancinsu na ɗaukar yatsu kusan 100. Sannan ka gwada na tsakiya, sau da yawa zanensa ya fi na manuni saura.

Maman Asawase:

Ɗan Aboabo, a gaida Hajiya, a ba ta haƙuri. Ni koko nake sayarwa, tun ƙarfe uku na dare hannuna na cikin ruwa da gasara, irin wannan makullin kuma yana ƙofar ɗakina shekara guda ke nan. Abin da na lura, yatsa mai jiƙa ba ya buɗewa, wanda ya bushe ƙamas ma ba ya buɗewa. In na idar da alwala ko na gama wanki yatsun sun yi yaushi, sai na goge na ɗan jira. Da hunturu kuwa hura wa yatsan iska nake yi da baki, ko in shafa shi a goshi, sai ya buɗe. Amma ban da man kaɗanya, yana dusashe gilashin, sai an bi da ƙyalle.

Ni hannun hagu na sa, shi ne bai cika shan wuƙa da zafin tukunya ba. Na san tsofaffinmu da hagu, ƙila Hajiya ta ce a'a. In ta ƙi, ba katin nan biyu ka ce an ba ka ba? Ka ɗaura mata ɗaya a bakin mayafi ko a jikin carbi, ta kara kawai ta shige. Jikokina ƙanana ma kati na ba su, yatsunsu sun yi ƙanƙanta.

Baba Alaba:

Ni dai tambaya ɗaya gare ni, ɗana. Makullan ƙarfen nan biyu, ina ka ajiye su? In a cikin falon suke, to ka kulle maganinka a ɗakin da ciwon yake. Kuma da wannan dumso namu, ranar da aka ɗauke wuta kwana biyu, ta taga za ku shiga? Kwaɗon Hajiya bai taɓa neman caji ba.

Mai Gyara Nima:

Baba, a kan makullan ƙarfe ka yi gaskiya, ɗaya ya zauna a shago ko wurin ɗan'uwa amintacce. Amma dumso bai shafe shi ba, da batir yake aiki, ba ya haɗe da wutar gida. Kafin batir ya mutu yakan yi ta gargaɗi kwanaki. In an yi sakaci ya mutu, duba ƙasan hannun ta waje, akwai ramin USB da ake jona fawa banki, wasu kuma batir mai 9V ake karawa, ya farka ka buɗe. Abin da ke kashe makullan nan shi ne batir mai arha na tocila, yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. A sayi batir irin wanda ake kira alkalin, a canja duka huɗun tare.

Yayana, na manta abu ɗaya. In naka mai haɗuwa da waya ne, irin mai manhajar Tuya ko TTLock, ka tabbata bayan sharewar ka haɗa shi da wayarka. In ya ƙi, alama ce yana ɗaure da asusun wani, sai mai shagon ya sa yaron ya cire shi daga nasa.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Baba, ka kama ni, makullan suna cikin durowar falo, yanzu ɗaya na wurin yayata. Na share komai bayan la'asar, na kira wani almajiri da ke wucewa ya ɗora yatsa, sai ga ƙofa ta buɗe, jikina ya yi sanyi. Na yi rajistar kaina da uwargida, na sa yara shida, duk na rubuta a bayan littafin bashi na shago. Nawa ba ya haɗuwa da waya, wannan na huta.

Hajiya ta ƙi hagu kamar yadda Mama ta faɗa. Mun sa babban yatsan dama sau uku da na tsakiya sau biyu, mun gwada sau goma ya buɗe takwas. Katin ma ta karɓa ta ɗaure a carbi, amma ta hana ni ba da tsohon kwaɗon, yana ƙarƙashin filonta.

Saura tambaya ɗaya, Mai Gyara. Wata mai zuwa muna da biki, baƙi za su zo daga Yendi su yi mako guda. In sa yatsunsu ne in cire daga baya, ko in ba su lamba ɗaya in canja ta bayan sun tafi?