Ina za mu kai yaran Islamiyya a wannan hutun?

Malama, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Iyayen yaranmu sun yi karo-karo, kuɗin mota ya taru, sai dai mun rasa inda za mu dosa. Na tambayi 'yan ajina wa ya taɓa shiga gidan tarihi na Manhyia, fadar sarkin Asante da ke nan Kumasi a Gana, yara biyu kacal suka ɗaga hannu, alhali daga nan ko da ƙafa sai a je. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya taka wani wuri da ƙafarsa ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Direba, Asawase:
Wa'alaikumus salam Malama. In tafiyar yini ɗaya ce, ku je tafkin Bosomtwe, kamar kilomita 30 ne daga Kumasi. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce ya haƙa ramin. Za ku ga masunta a kan falankin katako, ba kwalekwale ba, suna tuƙi da hannu. Sai dai gangaren Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin, ba na wasa ba ne, a duba birki tun daga gida.

Baba, Sabon Zongo:
'Yata, ku daure ku yi arewa ko da za a kwana biyu. Kakana falke ne, goro ya fito da shi daga Kano, ya bi ta Salaga, bai koma ba. Sai da furfura ta cika mini kai na je Larabanga. Tsohon masallacin garin ƙarami ne, na laka, fari fat, itatuwa sun leƙo daga jikin bango, ga tsohuwar kuka ta jingina da shi. Ƙofar sai ka sunkuya. Mutanen garin suna cewa tun 1421 yake. Na yi raka'a biyu a ciki, sanyin ƙasar ya ratsa mini goshi, na daɗe ban tashi ba.

Wani abu da ya kamata yara su ji: a shekarun 1970 an shafe masallacin da siminti don a kare shi, ashe damshi ne aka kulle a ciki, gara ta samu itatuwan ta yi ta ci. Sai da aka kankare simintin aka koma wa yaɓen laka irin na kakanni ya tsira. Gandun dajin Mole kuwa yana nan kusa, babu kamarsa girma a Gana. Da sassafe ma'aikaci mai bindiga ya shige gaba muka bi shi a ƙasa, har muka tarar da giwaye suna watsa wa kansu taɓo a bakin ruwa. Ku je da rani, lokacin ne suke taruwa a mashaya. Ku ɓoye guzuri, biran wurin ba su da kunya.

Hajiya, Kejetia:
Baba, a gafarce ni, amma ba goro kaɗai aka yi ciniki a Salaga ba, har da mutane. Ni ban gane haka sosai ba sai da na shiga gidan bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. A kurkukun mata mai yi mana bayani ya ce mu yi shiru. Ɗaki ne mai duhu, iska da ƙyar take shiga, wani wari yana nan har yau. 'Yata ta ƙanƙame mini zani ba ta saki ba har muka kai 'yar siririyar ƙofar da ke fuskantar teku, wadda in an fita ba a dawowa. Da yawa daga arewa aka koro su a ƙasa, a Assin Manso suka yi wankan ƙarshe. Malama, manyan yara ki kai su, ƙanana ki bari su ƙara wayo. Gandun dajin Kakum na kusa, gadojin igiya 7 a saman bishiyoyi, ni dai da salati na ƙare su.

Ɗalibi, Akwatia Line:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni kuma na je Besease ta wajen Ejisu, garin Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci Asante yaƙi da Turawan Ingila. Akwai wani gini a can da yake cikin tsofaffin gine-ginen Asante 10 da hukumar UNESCO ta sa a kundinta na kayan tarihin duniya a 1980. Na san wasu iyaye za su ce ɗakin tsafi ne. Kallon gini na je, zanen da aka fitar a jikin laka da jinkar ciyawa mai tsini. Da mutanen nan muke zaune, ya kyautu mu san abinsu.

Baba, Sabon Zongo:
Hajiya, ban musa ba. Na ga rijiyoyin Salaga da aka ce a nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Kakana bai taɓa ba mu wannan labarin ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Malama, Aboabo:
Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya. Asabar ɗin nan za mu fara da Manhyia, tunda a ƙofar gida yake. Malam direba, nawa za ka ɗauki yara 30 zuwa Larabanga da dawowa, da kwana ɗaya a Damongo, garin da ke kusa da can?