Zan je Landan ni kaɗai kallon wasan daɓe, kuɗin kuma ba yawa, don Allah ku ba ni shawara

'Yar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ina karatun digiri na biyu a Leeds, wata 14 ke nan da zuwana amma wallahi ban taɓa shiga Landan ba in ban da ranar da na sauka a Heathrow, shi ma ɗin wani ɗan uwan babanmu ne ya tarbe ni ya sa ni a bas, bacci na yi ta yi har muka iso. Ni kuma tun ina sakandare nake son wasan daɓe, a kulob ɗin diramar makarantarmu ni ake ba uwar miji kullum saboda wai na iya harara, to tun lokacin na ci burin wata rana sai na zauna na kalli na gaske. Da na miƙa aikin bincikena sai muka shirya da wata ƙawata za mu je tare, ita ta san garin, ita ta ce mu kama ɗaki a Croydon, can kudancin Landan, ya fi araha, muka biya irin wanda ba a mayar da kuɗi, shekaranjiya kawai ta turo min wai an ba ta aiki Asabar da Lahadi ba za ta iya ƙi ba. Ban ji haushinta ba fa, kowa nema ya zo yi, amma ko kira ai ta yi, ba saƙo ba, kuma rabin kuɗin ɗakin har yau ba ta ce uffan ba. Mama ma ban gaya mata ni kaɗai zan je ba don na san abin da za ta ce.

Tsarin da na yi: bas ɗin dare ranar Juma'a, in sauka Asabar da safe, wasa ɗaya da rana, ɗaya da dare, na uku Lahadi da dare sannan in juyo. Ya ake samun tikiti mai araha? Ina zan ci abinci halal da ba zai cinye min kuɗi ba? Kuma ba abin kunya ba ne mutum ya zauna shi kaɗai a gidan wasa?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata nawa ne a hannunki, kuma wane wata? Kin ba mu labarin uwar miji da harara amma waɗannan biyun ba ki faɗa ba.

Kawu Na Landan:
'Yata, shekara 11 nake garin nan, bari in gaya miki gaskiya tun kafin a ruɗa ki. Tsarin nan naki ba zai yi ba. Na farko, yawancin gidajen wasa na West End, unguwar manyan gidajen wasa a tsakiyar gari, ba sa wasa Lahadi da dare, masu buɗewa Lahadin ma da rana suke yi wajen 2:30 ko 3, saboda haka wasa na ukun nan ki cire shi ko ki mayar da shi rana. Na biyu, kar ki sayi tikiti tun yanzu. Akwai rumfar TKTS a tsakiyar Leicester Square, ƙungiyar masu gidajen wasan ce da kanta take gudanar da ita tun 1980, suna sayar da tikitin ranar da ragi. Ki je da safe ki bi layi, ki zaɓi cikin abin da yake ƙasa. Amma ki lura, rumfar da ke cikin dandalin ita ce ta gaske, ƙananan shagunan da ke lungunan kusa masu rubuta rabin kuɗi da manyan baƙaƙe, su kuɗin da suke ɗorawa a kai ba kaɗan ba ne. Na uku Croydon. Wa ya aike ki Croydon? Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya zuwa can kwata-kwata.

'Yar Auta:
Kawu ai na faɗa, an riga an biya kuma ba a mayarwa. Kuma na duba taswira ba wani nisa ba ne.

Tsohon Ɗalibi:
Kawu da girmanka amma Croydon ba daji ba ce. Daga East Croydon jirgin ƙasa bai kai minti 20 ba zuwa Victoria ko London Bridge, kuma katin banki yana aiki a ƙofar kamar ko'ina. Abin da za ta kiyaye kawai kati ɗaya za ta riƙa dannawa duk ranar, in ta danna da waya yanzu anjima ta danna da katin, na'urar tana ɗaukarsu mutum biyu ne, rangwamen iyakar kuɗin da ake cire wa mutum a rana ɗaya ba zai hau ba. Bas kuma ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, fam 1.75 ne, kuma in kin sake shiga wani cikin awa ɗaya ba a ƙara cire miki.

Maganar tikiti kuma ban yarda da Kawu ba. Mai kwana ɗaya tal a gari ba ta da safiyar da za ta ƙarar a layi, kuma manyan wasannin da kowa yake so ba kasafai suke zuwa rumfar da ragi ba. In akwai wanda ranki yake kai, ki saya yau a shafin gidan wasan, ki nemi kujerun can sama ko waɗanda aka rubuta ba a ganin wani ɓangare na dandamali, su ne masu araha. National Theatre kuma duk Juma'a ƙarfe 1 na rana suna sakin tikitin fam 10 na satin da ke tafe, sai ki zauna da wayarki a hannu tun Juma'ar satin da ya gabaci tafiyarki.

Kawu Na Landan:
Kujerar bayan ginshiƙi kake so ta saya? Ta taho tun daga Leeds ta kalli ƙarfe? Ni na taɓa zama irinta, wuyana sai da ya yi kwana uku.

Uwar Ɗaki:
Ni dai duk ba wannan ba. 'Ya mace ke kaɗai, garin da ba ki sani ba, a tashi wasa ƙarfe 10 da wani abu na dare, ki kama hanya, kuma mahaifiyarki ba ta sani ba. Ki ɗaga tafiyar har ki samu abokiyar tafiya, kuɗin ɗaki ai ba rai ba ne. Ni bara a gaban idona a bakin titi wani a kan keke ya fizge wayar ɗiyar yayata, duk hotunan bikinta a ciki, muka je muka ba da rahoto aka ba mu lamba a takarda, shi ke nan har yau. Uban yarinyar kuma ni ya ɗora wa laifi wai ni na ja ta yawo, wata shida ba ya amsa gaisuwata, alhali ni na biya mata kuɗin jirgi ma.

'Yar Auta:
Anti Allah ya mayar da alheri. Amma ni nan ma ina tashi aiki ƙarfe 11 na dare in dawo gida ni kaɗai, ba yau na fara ba. In na ɗaga kuma ban san yaushe ba, bizata ta kusa ƙarewa.

Maman Biyu:
Har yanzu ba ki faɗi kuɗin ba fa.

'Yar Auta:
Afuwan Yaya, fam 170 ne bayan ɗaki da bas. Tsakiyar Nuwamba.

Ɗan Kwalisa:
Kai, da na shigo in ce ki tafi Globe, gidan wasan Shakespeare, tikitin tsayuwa fam 5 zuwa 10 kuma ke ce a gaban 'yan wasan har suna yi miki magana, amma Nuwamba an gama kakar wasannin fili, daga bazara zuwa wajen Oktoba suke yi. Da ma can ba rufi a tsakiyar, ba a zama, ba a buɗe lema ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Akwai ƙaramin zaurensu na ciki da ake haskawa da kyandir lokacin sanyi, ki leƙa shafinsu. Kuma daga East Croydon akwai jirgi kai tsaye zuwa Blackfriars, tashar tana da ƙofa ta ɓangaren kudu, kina fita ga Tate Modern nan, gidan nunin zane-zane, shiga kyauta, akwai ɗumi akwai bayi. Maganar kunya kuma ki manta, ana kashe fitila ba wanda ya san da ke, kujera ɗaya ma ta fi saurin samuwa.

Kawu Na Landan:
Fam 170 wasa uku da abinci da sufuri daga Croydon da ke can shiyyar sufuri ta 5? 'Yata ki yi biyu ki ji daɗinsu. Kuma wannan bas ɗin dare ki soke shi. Awa huɗu da rabi zuwa biyar ne zuwa Victoria, za ki sauka da asuba cikin sanyi, ɗaki ba za su ba ki ba sai wajen ƙarfe 3 na rana, ki yi ta jan jaka, sannan ki shiga ɗaki mai duhu da ɗumi ƙarfe 2:30. Wallahi bacci za ki yi, ki biya kuɗi ki yi minshari a gaban Turawa. Jirgin ƙasa awa biyu da kwata ne zuwa King's Cross, in kina da katin rangwamen ɗalibai ana cire kashi ɗaya cikin uku. Jaka babba ma gidajen wasa da yawa ba sa bari a shiga da ita, kuma in kin makara ko da minti biyu ne a waje za ki tsaya sai an samu gaɓar da za a shigar da ke.

'Yar Auta:
Kawu ni ina iya bacci a mota sosai, kuma jakar goyo ce ƙarama. Bas ɗin ma na riga na biya. Na ukun kuma The Lion King nake so, na ga suna yi Lahadi da rana a Lyceum, to ka ga ya shiga.

Tsohon Ɗalibi:
Yana shiga a lokaci, a aljihu ne ban sani ba. Wasan nan tun 1999 yake gidan kuma har yau cika yake, Lahadi kuma ranar iyaye da yara ce, shi kaɗai zai iya cin kusan rabin abin da ke hannunki in kin yi jinkiri. In shi ne burin, shi za ki fara saya, sauran biyun su bi abin da ya rage.

Malama:
Ba wanda ya yi maganar salla. Tsakiyar Nuwamba rana tana faɗuwa wajen 4 da 'yan mintuna a Landan, wato magariba tana cikin wasan ranar za ta same ki, la'asar kuma dab da shiga. Ki tsara inda za ki yi tun yanzu. Babban masallacin Regent's Park yana da ɓangaren mata, haka na Whitechapel, nasu ma gini guda ne na mata, amma duk biyun sai kin hau jirgi daga West End, kuma tsakanin tashi daga na rana wajen 5 da shiga na 7:30 a nan za ki yi salla ki ci abinci ki dawo.

Maman Biyu:
Abinci kuma Whitechapel ɗin ta haɗa miki duka, kina fitowa daga masallaci gidajen abinci halal ne jere kuma da araha. Ko Edgware Road wajen Larabawa, ki karɓi shawarma a leda kar ki zauna, in kin zauna a tebur wurare da yawa suna ƙara kashi 12.5 na hidima a kan bil. Kusa da gidajen wasan dai kar ki ci, Chinatown tana nan kusa amma sai kin yi ta tambayar alade da giya a miya. Da rana ki shiga babban kanti ki ɗau haɗin sanwic da abin sha da ɗan abin taɓawa, na kifi ko na ƙwai, bai kai fam 5 ba. Ki tafi da gorar ruwanki. Ni da na kai yarana, ƙaramin kofin askirim na hutun tsakiyar wasa guda biyu sai da na ji kamar in yi kuka, babansu kuma yana gefe yana danna waya kamar ba shi ya ce a zo ba, da muka dawo ma cewa ya yi ni ce mai almubazzaranci.

Kawu Na Landan:
Whitechapel da dawowa cikin awa biyu da rabi ranar Asabar, ga wadda ba ta san gari ba? Ku dai kuna so yarinyar nan ta ɓata. Peckham za ta je ranar Lahadi da safe ta ci abinci na gaske a Rye Lane, daga Croydon ba nisa. Asabar ta ci sanwic ta yi haƙuri. Kuma ki duba jadawalin jirgi na Lahadin, ranar suke rufe layuka don gyara su sa mutane a bas. Keken nan masu fitilu da kiɗa da ke tsayawa a ƙofar gidajen wasa kuma ko kallonsu kar ki yi.

Ɗan Kwalisa:
Kawu layin jirgi na Elizabeth daga Tottenham Court Road zuwa Whitechapel tasha uku ce fa, ko minti 10 ba a yi.

Kawu Na Landan:
Yaro ina garin nan ana haƙa ramin layin.

'Yar Auta:
Na gode duka wallahi, Allah ya bar zumunci. Na duba tikitin The Lion King na Lahadin, masu arahar sun ƙare sai wata kujera a can gefe da suka ce ba a ganin kusurwa ɗaya, na sa ta a kwandon saye na shafin tana ƙirga min minti amma ban danna ba. Uku dai nake so in yi, ban san ko zan sake dawowa ƙasar nan ba. Ɗakin ashe ba kusa da East Croydon yake ba, sai an ƙara hawa bas kamar minti 20, yanzu na lura. Ƙawar tawa kuma ta turo wai wataƙila a sake mata Lahadin ta biyo ni, to in sayi ɗaya ne ko biyu?

Uwar Ɗaki:
Ki fara kiran mamanki tukuna.

Tsohon Ɗalibi:
Ɗaya. Wadda ba ta biya rabin ɗaki ba.

'Yar Auta:
Ba haka take ba fa, ba ku san ta ba ne. Kwandon ma ya ƙare lokaci, kujerar ta tafi.