Ganyen tumatirina yana yin tabo yana bushewa daga ƙasa, ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga Tawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ina da ɗan lambu a bayan gari, bana na dasa tumatir na damina. Tun da ruwa ya zauna a watan Agusta, ganyen ƙasa ya fara fitar da tabo ruwan ƙasa, in ka duba da kyau sai ka ga zobe cikin zobe, gefensa rawaya. Daga nan ganyen ya bushe ya zube, yanzu kuma abin yana hawa sama. Wani mai kanti ya ba ni maganin ƙwari na fesa, babu abin da ya canza. Ga 'ya'ya sun fara fitowa, kuma da lambun nan nake sa ran biyan kuɗin makarantar yara. Don Allah me zan yi?

Wani dattijo mai lambu, daga Galmi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka ƙara kashe ko dala, ɗauki ganye ɗaya ka ɗaga shi wajen rana. In tabon fari ne kamar leda, kana hango 'yar tsutsa a ciki, to wannan aikin tsutsar tumatir ne. Amma yadda ka kwatanta, zobe cikin zobe, kuma daga ƙasa ya faro, ba ƙwaro ba ne. Cuta ce ta danshi, shi ya sa maganin ƙwari bai taɓa ta ba.

Gobe da hantsi, bayan raɓa ta kaɗe, ka bi gindi-gindi ka cire duk ganyen da ya kamu da wanda ke taɓa ƙasa. Kada ka zubar a cikin kunya, kada ka kai kan juji. Tara a buhu, ka fitar waje ka ƙone ko ka binne da zurfi. Kada kuma ka shiga lambun lokacin da ganye ke jiƙe, da hannunka da rigarka za ka riƙa kai cutar daga wannan gindi zuwa wancan.

Malamin gona:
Baba ya faɗi gaskiya. Wannan naman gwari ne da ake kira Alternariya. Yana kwana a cikin ƙasa da tarkacen tsohon ganye, in ruwa ya buga ƙasa sai ya fantsamo shi kan ganyen da ke kusa. Abin da ya fi so shi ne ɗumi da ganyen da ya daɗe a jiƙe. Saboda haka ka kafa sanduna ka ɗaure kowane gindi ya tashi tsaye, iska ta riƙa ratsawa, sannan ka shimfiɗa karan hatsi ko busasshiyar ciyawa a ƙasa don ta tare fantsamar.

Game da feshi, nemi maganin naman gwari mai sinadarin mankozeb ko mai sinadarin tagulla. Ka dai sani, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya yi tabo, masu lafiya yake karewa. Ana maimaitawa bayan kwana 7 zuwa 10, in an yi ruwa mai ƙarfi bayan feshi to ya wanke, sai a sake. Ka feshe sama da ƙasan ganye, ka sa abin rufe hanci da safar hannu, ka bi ma'aunin da ke jikin takarda da kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka. Abin da ke damuna a kasuwanninmu shi ne maganin da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda. Ka duba wanda kwamitin magungunan gona na ƙasashen Sahel ya amince da shi, in kana shakka ka kai ganyen ofishin gona na Tawa su gani da idonsu.

Wata mai lambu, daga Tabalak:
Malam, ni zan ƙara abu ɗaya. In ruwa ya ɗauke kana ban ruwa da hannu, daina watsawa ta sama da yamma. Zuba a gindi da sassafe. Mu nan tun da muka koma haka abin ya ragu ƙwarai. Kuma tumatir mai yunwa shi cuta ta fi kayarwa, ƙara masa ruɓaɓɓen taki. Allah ya ba da sa'a, ƙanena.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba, babu tsutsa. To 'ya'yan da suka fito za a iya ci? Kuma in na cire wannan, zan iya sake dasa tumatir na rani a wurin?

Dattijon Galmi:
Masu lafiya ka ci ka sayar, muddin ka cika kwanakin jiran magani. Wanda ya yi baƙin tabo a wajen hanci, cire shi ka binne. Wurin kuwa ka hutar da shi daga tumatir shekara 2 ko 3. Kada ka sa yalo ko dankalin turawa, danginsu ɗaya, cutar za ta samu wurin zama. Sa albasa ko masara, tumatirin rani kuma ka kai shi can ɗaya gefen rijiya.